Yaƙin Hitila da Manomin da Bai Riƙe Bindiga Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Dattawan garinmu suna ba da labarin yadda aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos a zamanin yaƙin Hitila. Ina ruwan manomi da yaƙin Turawa, kuma ta wace hanya aka sa jama'a suka yarda da wannan nauyi?
Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945, ya wuce karon soja da soja a fagen daga, domin manyan ƙasashe sun fahimci cewa wanda ya fi ƙera jirage da tankoki, ya kuma fi ciyar da mayaƙansa, shi ne zai rinjaya. Saboda haka gona da masana'anta da rijiyar ma'adinai duk suka shiga lissafin yaƙi.

A Ingila an fara rabon abinci da kati a Janairun 1940, kuma a ƙarshen 1941 doka ta ba gwamnati ikon kiran mata aikin ƙasa. A Amurka kamfanonin mota sun daina ƙera motocin hawa a farkon 1942, suka koma ƙera jirage da tankoki. Tarayyar Sobiyet kuwa kwance masana'antu sama da 1,500 ta yi a 1941, ta loda su a jiragen ƙasa zuwa gabas don kada su faɗa hannun Jamusawa.

Mutum ba ya jure yunwa da aikin dare da rana sai an ba shi dalili, kuma aikin farfaganda ke nan. Bayan da aka murƙushe sojojin Jamus a Stalingrad, wani birni na Tarayyar Sobiyet, ministan farfagandar Hitila, Joseph Goebbels, ya tara zaɓaɓɓun magoya baya a wani babban zaure a Balin, babban birnin Jamus, ranar 18 ga Fabrairun 1943, ya tambaye su ko suna son yaƙin da za a zuba komai a cikinsa, suka amsa da sowa, aka watsa ta rediyo tamkar muryar ƙasa baki ɗaya. Abin da ba a faɗa a zauren ba shi ne, masana'antun Jamus sun dogara da miliyoyin baƙi da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye ana sa su aikin tilas.

A nan gida, Ingila ce ke mulki, don haka yaƙinta ya zama namu ba tare da an nemi shawararmu ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, ta riƙa kawo labarin yaƙi da Hausa, motocin majigi suna zagaya garuruwa suna nuna ƙarfin Ingila, sarakuna suna tara gudummawar kuɗi, ana matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, samari kuma ana ɗaukarsu soja, har da waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a nahiyar Asiya su yaƙi Japan.

Batun kuza ya taso ne da Japan ta ƙwace Malaya (yankin Malesiya ta yau) a farkon 1942, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Nan take ido ya koma kan Jos. A wannan gaɓa, Malam, ban yarda a ce jama'a sun amince ba, domin ba lallashi aka yi ba: doka aka kafa, aka ɗora wa hakimai da dagatai adadin mutanen da za su kawo, kuma tsakanin 1942 da 1944 an kwashi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa. An raba su da gonakinsu, aka kai su tsaunuka masu tsananin sanyi, babu isasshen abinci, babu bargon kirki, ga ɗan ladan da bai taka kara ya karya ba. Da yawa sun gudu, wasu kuma cuta ta kashe su a can. Abin baƙin ciki, gwamnatin da ke shelar cewa tana yaƙi ne don kare 'yanci ita ce ta yi wannan, kuma ƙarin kuzan da aka samu bai kai abin da aka sa rai ba, har aka soke tsarin a 1944.