Amsa: "run" ba gudu kaɗai ba ne

Ɗan'uwa, ka ce an koya maka "run" gudu ne, sai ka ci karo da "she runs a shop", ka rasa yadda mace za ta gudu da shago. Ba laifinka ba ne. Ana nufin ita ke tafiyar da shagon. Famfo in yana zuba, "run" ne. Hancin yaro mai yoyo da hunturu, shi ma haka. Ɗan siyasa ya tsaya takara, "run" yake yi. Masu ƙamus na Oxford sun lissafo wa kalmar "run" ma'ana 645, har ta sha gaban kalmar "set" wadda take da 430 a bugunsu na 1989.

Amma duba namu "ci". Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci amana, kasuwa ta ci, wuta ta ci gida. Ka taɓa ruɗewa? Kalmomin da ke kusa da ita ne ke nuna maka hanya.

Ni dai tun da na daina haddace kalma ita kaɗai, na koma rubuta ta cikin jimla a ɗan littafina, karatun jaridar Turanci ya daina wahalar da ni. Fara da "run a shop" ɗin nan taka.