Malam, wai "news are" ne daidai ko "news is"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Rigasa, 'yata tana SS3 bana za ta zana WAEC. A makaranta ta rubuta "the news are bad" malamarsu ta soke da jan biro, alhali mai yi mata lesin a gida ne ya koya mata haka, wai NEWS taƙaitawa ce ta North, East, West, South, tunda kusurwa huɗu ne dole jam'i ne. Yarinya ta rikice ni ma na rikice, ga kuɗin lesin ina biya duk wata. Don Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, malamar makaranta ce da gaskiya, "the news is bad" ake cewa. Kalmar tana cikin sunayen da ba a ƙirga su a Turanci, ajinsu ɗaya da information, advice, furniture da luggage, ba a sa musu "a" a gaba, fi'ilinsu kuma na tilo ne. In labari guda take nufi sai ta ce "a piece of news". Wannan "s" ɗin na ƙarshe kar ya ruɗe ta, mathematics da physics ma suna da shi amma "is" suke ɗauka, ita kuwa police da ba ta da "s" ko ɗaya "the police are coming" ake cewa. Nahawun ke nan, ya ƙare.

Abin da ya ɗaga min hankali shi ne dalilin da mai lesin ɗin ya kawo, don wallahi wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce Malam na gani a WhatsApp wai POLICE tana nufin kaza, FAMILY wai "father and mother I love you", SCHOOL ma an tsaga mata harufa, har da BYE. Wani zai zauna da wayarsa ya ƙirƙira, ya sa hoto mai kyau da "ko ka san?" a sama, kafin la'asar ta zagaye guruf-guruf daga Kawo har Kakuri, iyaye na turawa suna cewa masha Allah mun ƙaru. Ba ku ƙaru ba, ƙarya aka ɗura muku.

Ita news tun wajen ƙarni na 14 zuwa na 15 take a rubuce, daga "new" ta fito, wato sababbin abubuwa, kamar yadda Faransawa ke cewa "nouvelles". A tsofaffin takardu ma "newes" ake rubuta ta, to ina za a kai wannan "e" ɗin na biyu, kusurwa ta biyar ce? Kuma Bature in zai jera kusurwowi north, south, east, west yake cewa, ki haɗa harufan da kanki ki ga ko za su karantu. Police ta shigo ne ta Faransanci, asalinta "polis" na Girkanci, wato birni, tushensu ɗaya da politics da policy. Family daga Latin ce, "familia", da can ma har barorin gida ta ƙunsa, babu wata soyayyar baba da mama a ciki. School kuwa, abin dariya, a Girkanci asalinta na nufin lokacin hutu, lokacin da mutum ya sarara har ya zauna tattauna ilimi. Goodbye ita ce "God be with you" da baki ya tauna har ta gajarce.

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina: haɗa harufan farko a yi kalma sabon yayi ne a Turanci, sai a ƙarni na 20 ya bazu. Radar a 1940 sojojin ruwan Amurka suka raɗa ta, NATO 1949, laser wajen 1960, mu ma nan da NEPA ta 1972 da JAMB ta 1978. Waɗannan na gaske ne, an san wanda ya haɗa su da lokacin da aka haɗa. Akwai 'yan tsiraru da suka riga, kamar OK da ta fito a wata jaridar Boston a 1839 daga wasan rubuta "all correct" a karkace. Amma duk kalmar da ta yi shekaru ɗaruruwa a bakin mutane aka ce miki taƙaitawa ce, ki sa alamar tambaya tun kafin a gama maganar.

Wani zai ce ai wasa ne, miye a ciki. To ga abin da ke ciki, 'yarki ce shaida. Da a waya abin ya tsaya da sauƙi, amma malami ya ɗauki tatsuniya ya gina doka a kanta ya koya wa yarinyar da ke gab da jarabawa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. WAEC da JAMB suna son tambayar dacewar suna da fi'ili, irin su news da police ɗin nan su ne tarkonsu, a insha'i kuma kowane kuskuren nahawu zaftare maki ake yi a kansa, kin kuma san ba kiredit a Turanci ba maganar jami'a. Sannan wanda ya koya mata wannan, me kuma ya koya mata da ba ki gani ba? Ni wannan ne ya fi damuna, don yanzu duk wanda ya iya ƙaƙale murya ya jefo manyan kalmomi sai a ce ya iya Turanci, a ɗauke shi lesin ba wanda ya duba littafin da yake koyarwa da shi.

Ba cewa na yi ki kore shi yau ba. Ki ce ya buɗe ƙamus na Oxford a gabanki, ko na waya ma ya isa, kusa da news zai ga an rubuta ba a ƙirga ta, a ƙasa kuma ga asalin kalmar. In ya karɓi gyara ki riƙe shi, amma ki karɓi littafin lesin ɗin gaba ɗaya ki kai wa malamar makaranta ta duba shi shafi-shafi. In kuwa ya tsaya musu yana cewa ai a intanet ya gani, ki biya shi na wannan watan ki nemi wani.