Ki fara da keken, sannan ki nemi yaran shagonta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan kakarki, ya kai haske kabarinta. Kin ce tela ce a Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, ta rasu kina ƙarama, ba ta bar miki komai ba sai hoto ɗaya da keken ɗinki, kina neman yadda za ki san asalinta da irin zaman da ta yi. Ni ma na sha wannan fama a kan goggona, yayar babanmu, wadda ta yi ɗinki a unguwar Aboabo ta Kumasi har idonta ya gaza.

Kuskuren da na fara yi, wurin maza na nufa. Baffannina suka zaunar da ni, suka ba ni labarin kakanmu tiryan-tiryan, yadda ya biyo fataken goro ta Gwanja har ya yada zango a Kumasi. Da na ce to Goggo fa, sai suka ce, "Ai ɗinki ta yi, Allah ya jiƙanta." Shi ke nan. Matar da kuɗin kekenta ya biya wa biyu daga cikinsu makaranta! Ba mugunta ba ce, ba su taɓa zama a zauren da take aiki ba.

Masu labarinta su ne yaran shagonta. Kin san tsarinmu a nan: a kai yarinya wurin madam da goro da ɗan kuɗi, ta yi kamar shekara 3 tana shara, tana hura gawayin dutsen guga, tana koyon ɗinki a kan takardar buhun siminti kafin a yarda ta taɓa atamfar mutane, sannan a yi mata bikin yaye. Wadda ta yi wannan zama ta san madam ɗinta fiye da 'ya'yan cikinta. Na samu ɗaya a unguwar Asawase, ta tsufa tukuf. Da na ce ta ba ni tarihin Goggo sai ta yi shiru, ta ce ita me ta sani. Rana ta biyu na tafi mata da almakashin Goggo, wanda aka naɗe hannunsa da ƙyalle don kada ya yi mata kanta a yatsu. Tana karɓa ta shafa ƙyallen, sai hawaye. Tun azahar take magana har aka kira magariba. A bakinta na ji cewa Goggo ba ta cika aiki da tef ba, kallon mace take yi ta ce juya, ta karɓi tsohuwar rigarta ta ɗora a kan yadi ta yanka. Turmi ɗaya, yadi 6, ta fitar da kaba (rigar mata ta sama) da siket da mayafi, kuma ko guntun ƙyalle ne ya rage sai ta ƙulle shi ta mayar wa mai shi. Daren sallah kuwa ba mai runtsawa, fitila biyu, keke na kuka har asuba. Babbar yarinyar shagon, wadda aka ce ta fi kowa sani, na yi ta cewa sai bayan sallah, sai bayan damina, har aka aiko mini da rasuwarta. Har yau abin na ci mini rai. Don Allah kada ki yi irin nawa.

Keken ma yana magana. In Singer ne, ki duba kan farantin ƙarfen ta gefen dama, akwai lamba da aka buga. Da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi, akwai jadawalin a intanet. Da yawan waɗanda suka zo mana zamanin Turawa daga masana'antar Clydebank ta Sukotland suke, wadda aka rufe a 1980. Amma shekarar ƙira daban, shekarar saye daban, domin mata da yawa na hannu suka saya da kuɗin adashi. Ki zaro ɗan aljihun keken ki zazzage shi. A na Goggo na tsinci littafin bashi, wani wuri da ajami, wani da boko. Shafukan farko fam da sule ne, can gaba sai sidi, kuɗin Gana. Tun da sidi ya shigo a 1965, nan take na san ta kafa shago kafin wannan shekarar.

Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara, abin da ya faru suke riƙewa. Ki ce, "Lokacin korar Busiya tana ina?" A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya, firayim ministan Gana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar, zango ya girgiza, gidaje suka rabu. Goggo ta zauna, ƙanwarta ta bi mijinta Najeriya, kuma ta wannan tambayar na gano muna da dangi a can. Ki tambayi kuma lokacin mulkin soja na Rolins a 1979, da sojoji suka sa wa 'yan kasuwa ido kan farashi, atamfa ta yi wuya.

Batun asali, kada ki ɗauka duk mai jin Hausa a zango Bahaushe ne. Akwai Mosi, Dagomba, Wangara, Zabarmawa, Kotokoli, Yarbawa, Fulani, kowa da sarkinsa. Ki nuna wa dattawa hoton nan su duba ko akwai tsaga a fuskarta, in sun gane sai ki je gidan sarkin ƙabilar da goronki. Ofishin adana takardun gwamnati na Kumasi na je, na samu abubuwa kan zango, amma ban ga sunan Goggo ba, kada ki dogara da can.

Wata ƙofar ita ce akwatunan tsofaffin mata. Yayin biki da na suna, wato anko, ba a yar da shi. Wata hajiya ta buɗe mini nata, ta ɗago wata kaba ta ce, "Wannan hannun goggonki ne, ranar auren 'yata." Na juya cikinta, ɗinkin ko zare ɗaya bai saki ba.

In kin tashi zuwa, ki nemi izini kafin ki kunna wayarki ki ɗauki murya, kuma ki bari su yi ta kewaye, kada ki katse su. Ki ɗauko mini hoton lambar keken, in sha Allah zan duba miki shekarar.