Kirim a ƙasa ko jam a ƙasa? Amsoshinku kan sikon ɗin mutanen Birtaniya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai ban daɗe da biyo maigidana Ingila ba, yana karatu a Exeter, toh akwai wata tsohuwa baturiya maƙociyarmu mai kirki sosai tun zuwana take leƙo ni, yanzu ta gayyace ni gidanta ranar Asabar wai mu sha abin da suke cewa kirim ti kuma tace da hannunta za ta gasa sikon. Da na faɗa wa wata ƙawata da ta riga ni zuwa sai tace in yi hankali, wai akwai yadda ake shafa abun kuma idan mutum ya juya shi haushi suke ji. Dan Allah Anti ki wayar min da kai kar in je in ji kunya, ni ko ɗanɗana shi ban taɓa yi ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawar nan taki ta ɗan ƙara gishiri amma dai ba ƙarya ta yi ba, kuma kin faɗo daidai yankin da maganar take da zafi, domin Exeter a cikin yankin Debon take, a kudu maso yammacin Ingila.

Bari mu fara da abin da za ki tarar a teburin. Sikon ɗan gashin fulawa ne zagayayye mai ɗan tudu, bai kai burodi tauri ba bai kai kek laushi da zaƙi ba, ba a sa masa yis sai bekin foda, kuma da gangan suke rage masa suga saboda zaƙin daga jam zai fito. Idan kika ci shi haka gaya za ki ce me ake yayi a nan, toh ba haka ake cinsa ba. Kirim ti kuwa abu huɗu ne kawai: sikon ɗaya ko biyu, jam wanda yawanci na sitiroberi ne, daskararren kirim, sai butar shayi. Shikenan, babu nama babu komai, dan haka kar ki tafi da yunwar rana.

Kirim ɗin shi ne sarkin teburin, kuma ba irin wanda ake bugawa ya yi kumfa a ɗora kan kek ba ne. Maiƙon madarar shanu ake zubawa a faffaɗan mazubi a ɗora a wuta kaɗan kaɗan na tsawon lokaci ba tare da ya tafasa ba, sai a bar shi ya huce a hankali, sai ki ga ya kama jikinsa ya yi kauri har cokali na iya tsayawa a ciki, samansa kuma ya yi wani ɓawo ruwan ƙwai. Wannan ɓawon ba lalacewa ba ne, kar ki ture shi gefe, masu abun shi suka fi so. Kirim ɗin Konwal, yankin da ke maƙotaka da Debon, tun 1998 aka ba shi kariyar suna a Turai, wato ba wanda zai kira nasa na Konwal sai an yi shi a can da madarar can kuma maiƙonsa bai gaza kashi 55 cikin 100 ba. Idan kin shiga kanti za ki ga na kamfanin Rodda's, su tun 1890 suke wannan sana'ar.

Yanzu ga rigimar. Mutanen Debon kirim suke fara shafawa kamar bota sannan su ɗora jam a sama. Maƙotansu na Konwal, da kogin Tamar ne kawai ya raba su, jam suke fara shafawa sannan su tula kirim a kai. Kowa da hujjarsa, na Debon su ce ai ba wanda ke shafa bota a saman jam, na Konwal su ce wane mai hankali zai ɓoye kirim mai tsada a ƙarƙashin jam. Kuma abun ya wuce baki, a watan Maris na 2018 wani tsohon gidan tarihi a Konwal mai suna Lanhydrock, wanda ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust ke kula da shi, ya saka talla a Facebook da hoton sikon mai kirim a ƙasa, mutanen yankin suka yi ca a kansu har sai da suka fito suka ba da haƙuri. A shekarar ne kuma Darren McGrady, wanda ya daɗe yana girki a fadar Sarauniya Elizabeth ta biyu, yace ita jam take fara sawa, kinga na Konwal sai suka samu abin tinƙaho.

Amma fa ki gane, rabin abun wasa ne irin na maƙota da suka saba tsokanar juna, ba wanda zai kore ki daga gidansa. Ke dai tunda a Debon kike ki fara da kirim, ko kuma ki ɗan jinkirta da kofin shayinki ki ga yadda tsohuwar ta yi sai ki bi ta, domin mai yiwuwa ma ita ba haifaffiyar nan ba ce. In ma kika tambaye ta kai tsaye wanne ake fara sawa wallahi kin ba ta abin hira na rabin awa.

Idan ra'ayina kike so, ni ɗumin sikon ɗin nake dubawa. In yanzu ya fito daga oben da zafinsa kirim narkewa yake ya zama mai ya jiƙe fulawar, dan haka jam a ƙasa ya fi domin yana tare zafin. In ya huce kuma kirim ɗin daga firij yake da taurinsa, ya fi sauƙin shafuwa a kan sikon kai tsaye, ɗora shi a kan jam sai ya yi ta santsi yana gudu. Kar dai ki faɗi wannan a gaban ɗan Konwal.

Abubuwan da suka fi wannan muhimmanci ma ba a cika maganarsu ba. Sikon mai kyau yana da wata tsaga a ƙugunsa inda ya tashi, nan za ki sa yatsu ki raba shi biyu sama da ƙasa, masu tsananin bin ƙa'ida ba sa son a yanka da wuƙa duk da dai mutane da yawa suna yi. Ki ɗebi kirim da jam da cokalin da ke cikin kowanne ki zuba a gefen farantinki, daga nan ki riƙa shafawa da wuƙarki, kar wuƙar da kika yi amfani da ita ta koma cikin mazubin kowa. Kowane ɓari daban ake cinsa, ba a mayar da su a haɗe kamar sanwici, wannan kam in kika yi za a lura. Ba a kuma tsoma shi a shayi, biskit suke tsomawa. Da hannu ake ci ba cokali mai yatsu ba, kuma kar ki ji nauyin tula kirim, shafa shi siriri kamar mai tsoron ya ƙare shi ne abin da zai ba ta mamaki. Shayin baƙi ne da 'yar madara mai sanyi, suga in kina so ki sa abinki. In kin tafi da ɗan fure ko cakulan a hannu ya wadatar.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Hajiyata za ta zo Landan bikin kammala karatuna kuma ina so in fita da ita irin shayin nan na manyan otal da ake kawo faranti hawa hawa, hai ti ko? Damuwata biyu, ban san tsarin ba kuma ina tsoron a kawo mana abin da bai halatta ba.

AMSA: Allah ya sanya alheri ƙanena, Allah ya kawo Hajiya lafiya. Wajen kama wuri a otal ɗin kar ka ce hai ti, wancan a asali abincin yamma ne na ma'aikata idan sun taso daga aiki, mai nama ko kifi da burodi. Wanda kake nufi shayin la'asar ne, wanda ake danganta farkonsa da Anna matar Duke na Bedford wajen 1840, lokacin masu hali ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, ita kuma yunwa ta riƙa damunta da la'asar sai ta sa ana kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa, daga baya ta fara gayyato ƙawaye, abu ya zama yayi.

Farantin hawa uku ne yawanci kuma daga ƙasa ake farawa. Ƙananan sanwici da aka yanke wa gefe, na kokwamba da na ƙwai da na kifin salmon da makamantansu, sai sikon, sai kayan zaƙi a ƙarshe. Wasu wuraren ba sa ɗora sikon a farantin tun farko, sai kun gama da sanwici su kawo shi da ɗuminsa a naɗe cikin ƙyalle, kuma ni a wajena wannan alama ce ta wurin da ya san aikinsa. Za su kawo kala biyu, wanda ba komai a ciki da mai busasshen inabi. A ido abun kamar ba zai ƙosar ba amma da wuya ku cinye, kuma ba abin kunya ba ne ka ce a zuba muku ragowar a kwali.

Maganar halal, shi sikon kansa fulawa ne da bota da madara, wani lokaci da ƙwai, matsalar a kewayensa take. Akwai sanwici mai naman alade, kazar ma ba lallai yankan Musulmi ba ce, wasu kayan zaƙin ana sa musu jelatin, wanda daga fata ko ƙashin dabba ake samo shi, ko ɗan giya, sannan da yawa daga otal ɗin suna da tsarin da ke zuwa da kofin giyar shamfen. Ka faɗa musu tun ranar da kake kama wurin ba ranar da kuka zauna ba, ka ce ba alade ba giya ba jelatin, ko ka zaɓi tsarin marasa cin nama sannan ka ƙara jaddada maganar giyar. Sun saba da irin wannan buƙatar sosai.

Sai aljihu. Wuri kamar otal ɗin Ritz na Landan kuɗin mutum ɗaya ya haura fam 70, sai ka kama wuri tun kafin ranar ta matso, kuma dole namiji ya sa kwat da nakatayi, ba jins ba takalmin wasanni. In wannan ya yi nauyi ga ɗalibi kar ka takura kanka, ƙananan gidajen shayi da wuraren shan shayi na gidajen National Trust suna yin kirim ti a kuɗin da bai kama ƙafar wancan ba.

TAMBAYA: Anti ni a Gilasgo nake, na sayi wani abu an rubuta sikon na buɗe na ga falle ne kamar an danne shi. Kuma na gwada gasa na gasken a gida ya fito kamar dutse, ina matsalar take?

AMSA: 'Yar uwa ba cutarki aka yi ba, na dankali kika saya. A nan Sikotilan da kike, inda ake ganin nan ne asalin sikon ma, suna kwaɓa dakakken dankalin turawa da fulawa da bota su gasa a kasko, ana soya shi a ci da ƙwai da safe, ba ruwansa da jam. Tun asali a kasko ake yin sikon, faffaɗa a yanka shi kashi kashi, mai tudun nan na oben sai da bekin foda ya samu, wanda wani mai haɗa magunguna a Bamingam, Alfred Bird, ya haɗa nasa a 1843 saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis. Suna kuma da wani mai ruwa ruwa da ake ɗigawa a kasko kamar ƙaramin fankek, shi ne wanda Sarauniya Elizabeth ta aika wa shugaban Amurka Eisenhower yadda ake yinsa a 1960 bayan ya ziyarce ta a gidanta na Balmoral da ke Sikotilan. Akwai na cuku shi ma, mai gishiri gishiri, da bota kawai ake cinsa ko a haɗa da miya mai ruwa lokacin sanyi.

Naki da ya yi tauri kuwa kusan na tabbata murza shi kika yi kamar kwaɓin burodi, shi kuma ba ya son hannu. Ga ma'aunin da suka fi amfani da shi: fulawa mai haɗe da bekin foda giram 225, bota mai sanyi giram 55, suga giram 25, ɗan gishiri, madara mililita 150. Ki murtsuke botar cikin fulawar da kan yatsu har ta zama gari gari, ki zuba madarar ki juya da wuƙa, da ya haɗe ki tsaya ko da kin ga bai yi sumul ba. Ki daddanna shi da tafin hannu kaurinsa ya kai santimita 2 zuwa 3, mutane da yawa a nan suke faɗuwa sai su murza shi siriri suna jiran ya tashi. Wajen yankawa ki danna abin yankan ƙasa ki ɗago, kar ki murɗa shi domin murɗawar tana liƙe gefen sai ya tashi a karkace. Ki shafa madara ko ƙwai a saman kawai, oben ya riga ya yi zafi sosai digiri 220, minti 12 zuwa 15 ya isa. A ranar ake cinye shi, in ya kwana sai kin ɗan ɗumama a oben, wanda kika san ba za ku ci ba kuma ki sa a firiza da zarar ya huce.