Tambaya da Amsa: Kuɗin allon hawan igiyar ruwa ɗaya gare ni, wanne zai kai ni rani da damina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin Idi-Araba ne a Legas. Shekarata 26, nauyina kilo 72, tsayina ƙafa 5 da inci 9. Na ɗan jima ina shiga jirgin ruwa zuwa bakin tekun Tarkwa Bay ranar Lahadi, ina koyon hawan igiyar ruwa a kan babban allon soso mai ƙafa 7. Yanzu ina tashi tsaye, ina bin gefen igiya dama da hagu, ina ɗan juyawa. So nake in koma gajeren allo, amma kuɗina na guda ɗaya ne tak. An yi mini tayin biyu na hannu. Ɗaya gajere ne mai faɗi, ƙafa 5 da inci 6, lita 35, wutsiyarsa a tsage irin ta kifi. Ɗayan siriri ne irin na 'yan gasa, ƙafa 6 da inci 1, lita 27. Akwai kuma abokin aikina da zai dawo daga Durban ta Afirka ta Kudu, ya ce in na ba shi awo zai taho mini da wani. Wanne zai yi mini aiki ranar da ruwa ya kwanta da ranar da ya tashi? Ƙaninka daga Idi-Araba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ba masu tayin nan biyu haƙuri, ka aika wa abokin aikinka awo.

Fara duba ruwan da kake shiga. Igiyar da ke isowa gaɓar Legas, da Busua da Kokrobite a Gana, daga can kudancin tekun Atlantika take tasowa. Idan sanyi ya shiga a can kudu, wajen Mayu zuwa Satumba, guguwa takan yawaita, ruwanmu ya cika ya kai kafaɗa, ya kai tsayin mutum, wata rana ya wuce. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai ya kwanta, gwiwa zuwa ƙugu. A lokacin ne iskar hunturu, wadda ke tsattsaga leɓen 'yan uwa a Kano da Maraɗi, take gangarowa har bakin teku ta bugi igiya ta gaba, ta gyara mata fuska sumul. Duk shekara babu safiyar da nake so irin wannan. To in ka haɗa lissafi, ranakun da ruwa bai kai tsayinka ba su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Don su za ka sayi allo, sannan mu duba abin da za a sa masa ya jure manyan ranaku.

Lita ita ce farko, wato yawan soson da ke cikin allon, wanda ke ɗaga ka a kan ruwa. Masu sassaƙa allo suna da lissafin da suke farawa da shi: ƙwararre yakan ɗauki lita 0.35 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai matsakaicin hannu kuma wajen 0.45. Kilo 72 naka ya ba da lita 32 da ɗoriya. Tun da daga allon soso za ka sauko, ƙara kaɗan, ka nemi 33 zuwa 35. Siririn nan mai lita 27 ya fita ke nan. Ba ka shi yanzu tamkar ba da dokin sukuwa ne ga wanda jiya ya koyi zama a sirdi. Zai nutse a ƙarƙashin ƙirjinka, ka yi ta tuƙi da hannu igiya tana wuce ka, ka koma gida da ciwon kafaɗa ba ka hau uku ba.

Akwai wani zato da nake yawan ji a bakin samari, wai babban ruwa siririn allo yake so. Abin da ke tsare mutum ranar da ruwa ya tashi shi ne ya shiga igiya da wuri, ya miƙe tsaye kafin ta kife. Lita ce ke ba ka wannan saurin tuƙin. Sai dai tana da iyaka. In ka wuce 37 ko 38 da nauyinka, danna allon ƙarƙashin igiya don ka ratsa ta zai zama aiki, ranar damina kuwa sai ka yi wannan nutson sau da yawa kafin ka fita bayan ruwa.

Mai wutsiyar kifin litarsa ta yi daidai, amma siffarsa ce matsalar, kuma a nan nake so mu daɗe. Ajiye allo a ƙasa ka dube shi ta gefe, za ka ga ya tanƙware daga hanci zuwa wutsiya. Wanda ya miƙe sosai yana gudu a ruwa mara ƙarfi, shi ya sa mai wutsiyar kifi ke da daɗi a watan Janairu. Amma ka san halin igiyar Tarkwa: ruwa ya daki katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa, ya dawo ya haɗu da na bayansa, igiya ta miƙe tsaye farat ɗaya. Miƙaƙƙen allo a irin wannan gangara hancinsa yake cakawa, ya jefa ka gaba. Wanda ya tanƙware da yawa kuma ba ya caka hanci, amma yana ture ruwa, ya mutu a ƙaramar igiya. Ka nemi na tsakiya: cikinsa a miƙe daga ƙirji zuwa tsakiya, hancin ya ɗan ɗaga a ƙarshe, wajen inci 4 da rabi zuwa 5.

Wutsiya ita ce inda allo ɗaya ke zama biyu. Faffaɗar wutsiya tana ɗaukar ƙarfin ruwa ta tura ka, alheri ne a ƙaramar igiya. Idan ruwa ya yi ƙarfi, wannan turin yakan yi yawa, wutsiyar ta fita daga ruwa ta zame daidai lokacin da ka kwanta za ka juya a gindin igiya. Zagayayyar wutsiya mai ɗan tsini tana shiga ruwa ta riƙe. Saboda haka abin da nake ba ka shawara shi ne allo mai faɗi da kauri a gaba, ƙarƙashin ƙirji, wanda ya tsuke a baya, gefensa kuma ya yi siriri daga ƙafar baya zuwa wutsiya. Gaban ya kama maka ƙananan igiyoyi, bayan ya riƙe ka a manya. Wannan dabarar ce ta sa allon nan Hypto Krypto na masassaƙi Hayden Cox, ɗan Ostireliya, ya bazu a duniya, har Craig Anderson ya hau mai ƙafa 5 da inci 4 a ƙaton ruwan tsibiran Mentawai na Indonesiya a 2015. Ban ce lalle sai shi ba, kuma kada ka kwaikwayi gajartar nasa, shi gwani ne. Durban gari ne na masu sassaƙa allo, da yawansu suna da irin wannan siffa.

Ga abin da za ka rubuta wa abokin aikinka: tsayi ƙafa 6 zuwa 6 da inci 2, faɗi inci 20 zuwa 20 da kwata, kauri inci 2 da rabi ko ɗan sama, lita 33 zuwa 35, zagayayyar wutsiya, ramin fiffike biyar, wato wuraren da ake kafa 'yan fukafukan da ke ƙarƙashin wutsiya masu riƙe allo a ruwa.

Ramuka biyar ɗin nan ba ado ba ne. Da su za ka iya sa fukafukai uku ko huɗu. Uku, ɗaya a kowane gefe da ɗaya a tsakiya, tsarin Simon Anderson ne na Ostireliya, wanda ya fito da shi a 1980, ya ci gasar Bells Beach da shi a ƙaton ruwa a 1981, ya kuma ci ta Pipeline a Hawai a shekarar. Da uku za ka fara, ka zauna a kansu har ƙafarka ta saba, domin na tsakiyan yana ba ka wurin dogara in za ka juya. Huɗu sun fi gudu, ka gwada su da hunturu. Fukafukan kamfanin FCS da na kamfanin Futures ba sa shiga ramin juna, don haka ya duba wanne ke jikin allon, ya sayo matsakaita, ya haɗo da na ajiya da ɗan mabuɗinsu. Fiffike ɗaya da ya ɓace a yashi yana iya zaunar da mutum wata guda a Legas.

Game da abin da aka yi allon da shi, ni na ifoksi zan zaɓa maka, wato na farin soso da aka lulluɓe da rezin ifoksi, wani danƙo da ke bushewa ya yi tauri. Ya fi sauƙi a hannu, ya fi jure gugar jirgi da ta kaya, yana kuma da kuzari a ƙaramin ruwa. Aibinsa shi ne yana ɗan tsalle idan iska ta yamutsa fuskar ruwa. In ya fashe, da rezin ifoksi kaɗai ake gyara shi, domin rezin foliyesta da masu gyaran jirgin faiba ke amfani da shi yana narkar da farin soson da ke ciki. Kada ka bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota, zafi yana raba fatar da soson.

Magana ta ƙarshe, ina roƙonka ka riƙe ta. Wannan allon zai kai ka daga ƙugu zuwa ɗan sama da kanka. Ranar da ruwa ya wuce haka, musamman a bakin tekun Lighthouse, bayan katangar, inda teku ke buɗe kuma ruwa ke jan mutum ciki, zauna a yashi ka kalli na gaba da kai. Kada ka shiga kai kaɗai. Maɗaurin da ke haɗa ƙafarka da allon ya zama mai ƙafa 6, kauri milimita 7, ka duba shi kafin kowane shiga. Allon sosonka kuma kada ka sayar, akwai ranakun da ruwa ba zai wuce gwiwa ba, shi ne zai fitar da kai. Allah ya tsare.

TAMBAYA: Yaya, ƙanena yana hawa a Busua, ina so in saya masa allo na hannu daga baƙin da ke barinsu in za su koma. Me zan duba? Ƙanwarka daga Zongon Takoradi.

AMSA: Allah ya saka miki, ƙanwata. Ki ɗaga shi tukuna: in ya yi nauyi fiye da girmansa, ya sha ruwa, ki bar shi. Ki bi samansa da babban yatsa kina dannawa. 'Yan lotsawar dunduniya ba komai ba ne, amma inda ya yi laushi ko ya kumbura, fatar ta rabu da soso. Ki kankare kakin da ake shafa wa saman allon don hana santsi, ki duba ko akwai layi da ya ratsa allon daga gefe zuwa gefe, wannan alamar ya taɓa karyewa ne, kuma nan zai sake karyewa. Ki girgiza fukafukan ki ga ko raminsu yana motsi. Sannan ki tafi da yaron, ki roƙi mai allon ya bar shi ya shiga ruwa da shi sau ɗaya kafin ki biya.