Wasan rufa-ido a istiraha: kada ka yi saurin rufe shago

Wani matashi daga Jidda ya aiko da tambaya: "Ina da ɗan shagon kayan waya a Sabil. Na daɗe ina koyon rufa-ido da karta da sulalla da zobe, irin wanda ake yi a gaban mutum ba a kan dandamali ba. Na gwada a walimar abokai, har wani ya miƙo mini riyal 200. Ina da riyal 8,000 a ajiye. In zuba su a kayan wasa in saki shagon? Nawa kuma zan riƙa karɓa?"

Ƙanena, shagon nan bar shi a buɗe, kuɗin nan kuma bar su inda suke. Wannan sana'a ba jari take ci ba. Kwalin karta biyu, sulallan riyal, hankici, igiya da ɗan ƙyallen shimfiɗa, duk ba su kai abin da za ka taɓa ajiyarka ba. Abin da zai iya kai ka ƙasa takardunka ne da sunan da mutane za su laƙaba maka.

Mu fara da sunan, don shi ya fi haɗari. Kada ka manta ƙasar da kake. A Saudiyya sihiri laifi ne da kotu ke yanke wa hukuncin kisa, kuma an zartar: a 2011 an kashe wani mutumin Sudan a Madina kan wannan tuhuma, aka kuma kashe wata mata a yankin Jauf a ƙarshen shekarar. Gaskiya ne abubuwa sun sauya tun da aka kafa Hukumar Nishaɗi a 2016, aka fara bikin Mausim Riyad a 2019, har masu irin wasanka suna hawa dandamali a bainar jama'a. Amma su da izinin hukuma suke hawa. Kai kuwa a ɗakin mutane za ka zauna, kuma ka san kallon da wasu ke yi wa baƙar fata ɗan Afirka in an ambaci asiri. Mutum guda ya fita yana cewa "Bahaushen nan da aljanu yake aiki", ya ishe ka wahala.

Saboda haka kalmar sahir ko boka kada ta kusanci tallarka, ko da wasa. Larabawa suna cewa "khiffatul yad", wato saurin hannu, shi za ka rubuta. Kafin ka fara, faɗa wa mutane ƙarara cewa saurin hannu ne da atisaye. Duk wasan da ke kama da karanta zuciya, faɗin abin da zai faru, turare ko motsa leɓe kamar mai tofi, cire shi daga jerinka. A ƙarshe ka koya wa yara dabara ɗaya mai sauƙi, uba ya gani da idonsa cewa hannu ne kawai. In kuma wani ya ja ka gefe yana cewa an sace masa kuɗi ko matarsa ta yi yaji, ka ce masa kai ɗan wasa ne, ka kama hanyarka. Ka sani kuma akwai malamai da yawa a ƙasar nan da ke hana wannan wasa ɗungurungum, suna kafa hujja da ayar bokayen Fir'auna da suka sihirce idanun mutane. Wasu sun sassauta in an bayyana cewa dabara ce. Je ka zauna da malaminka kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Sai takardu, kuma ba ka faɗa mini matsayinka ba. In kai ɗan ƙasa ne, kamar Hausawa da yawa na Makka da Jidda, nemi takardar aikin kai, wathiƙatul amalil hurr, a intanet ake cire ta. In iƙama gare ka, wato takardar zaman baƙo, doka ba ta yarda ka yi wa kowa aiki ba sai kafilinka, kuma ba ta yarda ka yi aikin kanka ba. Ƙarshen kamun tara ce da tarhil, wato a mayar da kai ƙasarku. Hanyar da ta rage ita ce kamfanin shirya bukukuwa mai lasisi ya ɗauke ka bisa ƙa'ida. Kada ka yarda da shawarar "bari mu buɗe da sunan wane": tasattur ke nan, wato baƙo ya ɓoye kasuwancinsa da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Farashi kuma, kada riyal 200 ɗin nan ya zama ma'auninka, kyautar aboki ce. Yi lissafi da dare guda. A ce rufe shago da wuri daren Alhamis yana sa ka rasa ribar riyal 150, mota zuwa istiraha (gidan shaƙatawa da ake haya don taro) a Abhur da dawowa ta ci 80, karta da kayan da suka lalace 20. Ka ga 250 ta tafi kafin ka buɗe hannu, duk abin da ka karɓa ƙasa da haka kai ne ka biya su. Ka ɗora ladan gwanintarka a kai, ka yanka kuɗin taro gaba ɗaya na minti 40, ba na awa ba. Karɓi rabi kafin alƙalami ta banki, wanda a nan ake kira arbun, ka rubuta a WhatsApp cewa in an fasa saura kwana biyu ba ya dawowa. Harajin VAT bai shafe ka ba sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000.

Wani abu da bidiyon YouTube ba zai nuna maka ba: majalisar Larabawa ba teburin Bature ba ce. Mutane na zaune a ƙasa sun jingina da bango ta kowane ɓangare, yaro ɗan shekara shida yana bayanka yana leƙa tafin hannunka. Zaɓi kusurwa, bango a bayanka. Jallabiya ba ta da aljihunan kwat, don haka ka yi atisaye da kayan da za ka sa ranar. Ka roƙi mai gida ka yi wasanka bayan isha'i, lokacin gahawa da dabino, kafin a shigo da tiren mandi, shinkafa da nama; hannu ya taɓa mai, kartarka ta tashi aiki. Wajen samarin da suka saba buga balot, wani wasan karta na Larabawa, karta ba komai ba ce, amma dattijon Bahaushe yana ganinta caca zai tuna, can sai ka fito da zobe da igiya.

Ɓangaren mata kuwa rufe yake gare ka, kasuwarka maza ce da yara. Ka riƙa rubuta kowane taro da abin da ya rage maka bayan kashe-kashe. In wata shida a jere dararen Alhamis da Juma'a suka kawo abin da ya kai kuɗin hayar shagon, kuma daga mutanen da ba abokanka ba, to ka sa yaro a shago ran wasa, ka sake aiko mini da lissafin.