Amsa ga mai son hawan Jabal Hafit da keke

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka samu gurbin karatu a Al Ain, za ka tafi da kekenka, kana son hawa Jabal Hafit da ka gani a talabijin, kuma tunda kana zuwa Dass ka dawo Bauchi a safiya guda, kana tambaya ko wannan ya isa shiri. Shekara huɗu na yi a garin ina aikin wayarin, dutsen nan kullum yana gabana idan na fito daga masauki, kuma na hau shi da keke ya fi sau ashirin.

Za ka iya, in sha Allahu. Amma ba da kekenka yadda na gan shi a hoto ba, kuma ba da irin tuƙin da muke yi a hanyar Dass ba.

Dutsen yana kudu da Al Ain, a masarautar Abu Dabi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, daidai kan iyaka da Oman, tsayinsa mita 1,249. Shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar hamada, gwamnati ta keɓe shi da abin da ke gindinsa a matsayin gandu, har da wasu kaburburan dutse masu shekara kusan 5,000. Titin bai kai kilomita 12 ba, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma a cikin wannan ɗan taƙin za ka ɗaga sama da mita 700. Yi lissafi da abin da ka sani: Bauchi tana kan mita 600 da 'yan kai, Jos kuma wajen 1,200. Duk bambancin tsayin da ke tsakanin Bauchi da Jos, ta Nabordo da Panshanu da Magama Gumau har Tilden Fulani, tafiyar fiye da kilomita 100, bai kai abin da aka tattara maka a titin nan ba. Kuma a hanyar Jos kana hawa kana samun gangara ka huta. Can babu wannan alfarmar sai dab da ƙarshe.

Ranar da na fara gwadawa watan Mayu ne, na bar gindin dutsen wajen ƙarfe takwas da rabi na safe da gorar ruwa ɗaya. Farkon titin yana da sauƙi, nan ne tarkon yake. Na ji ƙafa da ƙarfi, na taka, na wuce mutum biyu. Ban yi nisa ba titin ya miƙe tsaye, na nemi giya mai sauƙi na tarar na riga na kai ta ƙarshe. Daga nan sai tashi tsaye a kan feda, keke na rangaji dama da hagu, numfashi na fita kamar zuga-zugin maƙera. Iskar can ba ta da laima ko kaɗan, gumi ba ya tsayawa a jiki balle ka san kana zubar da ruwa. Sai da na duba rigata na ga gishiri fari fat ya zana layi a ƙirji da hammata. Ban kai rabi ba tsokar cinyata ta dama ta ɗaure tamau, na sauka na jingina da shingen kankare na gefen titi, shi ma da zafi kamar tanda. Babu bishiya, babu mai shayi, babu yaro mai tallan ruwa. Dutse ne ruwan ƙasa, sama kuma rana.

Ina nan zaune wani dattijo ɗan Filifin, ɗaya daga cikin biyun da na wuce, ya iso a hankali, ƙafarsa na juyawa da sauri, keken na tafiya kamar ba ya so. Ya tsaya ya ba ni ruwansa, ya durƙusa ya ƙirga haƙoran giyata ta baya da yatsa, ya girgiza kai. Allah ya saka masa, abin da ya nuna mini ranar shi nake so ka riƙe.

Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ke zuwa mana, ƙaramin faifan gaba haƙora 39 ne, babbar giyar baya 25. Wannan na shimfiɗaɗɗen titi ne. A Jabal Hafit kana buƙatar 34 a gaba, 32 ko 34 a baya. Ka je wurin mai gyaranka tun yanzu ya duba, domin wani lokacin sai an canza sarƙa da hannun da ke sauya giyar baya kafin babbar ta zauna. Kada wani ya ce maka giya mai sauƙi ta ragwaye ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa yin awa guda cur yana hawa ba tare da ƙafarsa ta huta ko na daƙiƙa ɗaya ba. Matsakaicin tsayuwar titin kashi 6.6 ne cikin ɗari, wato duk mita ɗari da ka ci gaba ka ɗaga kusan mita bakwai, amma tsakiyarsa ta fi haka, takwas zuwa tara, wani wurin har goma sha ɗaya. Waɗanda ka gani a gasar tseren keke ta UAE Tour, irin su Tadej Pogacar da ya ci nan a 2021 da 2022 da 2025, ba sa kai rabin awa. Ka cire su daga ranka gaba ɗaya. Ni ranar da Allah ya ba ni ikon kaiwa sama, bayan wata shida, awa ɗaya da minti ashirin na yi, kuma har yau ina tuna sanyin iskar da ta buge ni a filin ajiye motoci na can ƙololuwa, garin Al Ain da gonakin dabinonsa shimfiɗe a ƙasa.

Lokaci kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Da bazarar can zafi na haura digiri 45, ka san zafin Afrilun Bauchi, to wannan ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka yi Asuba ka fara. Titin yana da fitilu har sama, saboda haka da azumi mu bayan Tarawihi muke hawa. Gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara, kana kurɓa duk minti goma ko ba ka ji ƙishi ba. Dabino a aljihu, can ba ya tsada.

Saukowa ta fi ba ni tsoro a kan hawa, gaskiya. Kwalta ce sumul, layi biyu na masu hawa, ɗaya na masu sauka, kwana a kan kwana, keke na neman ƙwace maka. Idan ka matse birki ka riƙe tun daga sama, ƙarfen taya zai yi zafi, birkin ya daina kamawa yadda ka saba, tif ma yana iya fashewa. Ka matsa sosai kafin kwana, ka saki, ka sake matsawa kafin ta gaba. Hular kwano dole. Ranakun hutu da yamma samari na cika titin da motoci, ka kauce wa lokacin. In ka sauko lafiya, akwai wurin shaƙatawa na Mubazzara a gindin dutsen da ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa, ka tsoma ƙafa. Ruwan Wikki na Yankari zai faɗo maka a rai, ni dai kullum sai ya faɗo mini.

Kafin tafiyarka, rage zuwa Dass. Nisa ka riga ka iya, hawa ne ba ka saba ba. A ɗora kekuna a mota zuwa Panshanu, ka hau tudun ka sauko ka sake hawa, sau huɗu, sau biyar, a zaune, da ƙarfin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke ba. In maganar ta gagara, ka yi sauri da yawa. Kada ka je kai kaɗai, ka san yadda tireloli da tankokin mai ke gangarowa a wurin, ku zama uku ko huɗu da riguna masu haske, ku tashi kafin rana ta yi.

Asabar mai zuwa za mu fita bayan Asuba daga Wunti. Ka zo da keken in ƙirga haƙoran da kaina, akwai tsohuwar giyata mai 32 a ajiye, in ta dace da tayarka ka ɗauka.